Gidan kallon da na kalli AFCON a ciki, da allon Koci, da injin da ya kusa sa mu hawan jini

Tun da aka gama gasar cin kofin Afirka, wato AFCON, a Kwaddibuwa a watan Fabrairun 2024 abokai suke tambayata wai ina na ɓuya, don ba a ganni a majalisa ba ko sau ɗaya cikin wata guda. To ga amsa, wani gidan kallo na samu a bayan layinmu nan Kano, can na kalli duk wasannin Najeriya guda bakwai da wasu kusan goma na sauran ƙasashe. Bazan faɗi sunan gidan ba saboda akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda mai gidan ba zai ji daɗinsu ba, kuma mutumin kirki ne wallahi, sau biyu yana barina na shiga bashi. Wanda ya sanni ya san wajen, wanda bai sani ba ya ɗauki abin da zai amfane shi wajen zaɓen nasa gidan kallon.

Wajen dai rumfar kwano ce doguwa, an ja bulo zuwa kafaɗa, sama kuma an rufe da buhu da tamfol saboda ƙurar hunturu. Kujerun roba layi uku a gaba, bayansu benci har ƙarshe. A lokacin gasar benci naira 200 ne, kujera 300, ranar wasan ƙarshe aka mayar da kowa 500 kuma ba wanda ya yi musu, don kowa ya san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ta haura ɗari shida, inji kuma ba ruwa yake sha ba. TV uku ne, biyu ƙanana a gefe, sai babba a tsakiya wanda aka ɗaga sama sosai yadda ko ɗan ƙarshen benci yana gani ba sai ya yi ta leƙe ta kafaɗar wani ba. Dikoda biyu gare shi na kamfani daban-daban, kuma wannan dabarar ta yi masa rana, kun tuna ana saura kwanaki a fara gasar aka yi ta maganar SuperSport ba za su nuna ba sai daga baya suka sanar sun samu, masu gidajen kallo da yawa hankalinsu ya tashi a satin nan, shi ko a jikinsa.

Amma ba TV ne ya riƙe ni a gidan ba, allo ne. Wani baƙin allo irin na makarantar firamare an jingina shi a jikin bango kusa da ƙofa, akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Koci, ya yi ƙwallo da ƙuruciya yanzu yana horar da yaran unguwa a filin makaranta, shi ba ya biyan kuɗin shiga, aikinsa kawai da an fitar da sunayen 'yan wasa sha ɗaya ya ɗauki alli ya jera su yadda yake ganin za su tsaya, a hutun rabin lokaci ya goge ya sake zanawa yadda suka tsaya a zahiri. Da farko na ɗauka shirme ne, na ce wannan tsohon ya samu wajen hira kyauta. Zuwa wasa na uku ni ne nake zuwa da wuri don in samu kujerar da ke kusa da allon.

Dalili kuwa, yawancinmu ƙwallo muke bi da ido, inda ta je nan idonmu yake. Koci shi kuma cewa yake ku bar ƙwallon ku kalli inda babu ita. Kuma sai a babban TV wannan yake yiwuwa, a waya ba za ka taɓa ganin lamba uku, wato ɗan bayan hagu, ya haura ya bar rami a bayansa ba, ɗan wasa ma kamar tururuwa kake ganinsa.

Wasan farko da Ikwatoriyal Gini ranar 14 ga Janairu, ƙarfe uku na rana agogonmu, rumfar ta ɗau zafi duk da sanyin da ake yi, fanka biyu ne kawai ke aiki. Kocin Najeriya Peseiro ya fito da 'yan baya huɗu, Ola Aina, Troost-Ekong, Semi Ajayi da Zaidu Sanusi, tsakiya Onyeka da Iwobi da Alhassan Yusuf. Kai ranar da ka ga yadda gidan ya ɗauka da aka nuna fuskar Alhassan, ɗan Kano ne ai, a lokacin yana buga wa Royal Antwerp a Beljiyam, kuma ba ya cikin jerin farko, sai da Ndidi ya ji rauni aka kira shi. Yaron ya yi gudu ranar kamar an biya shi na mutum biyu har sai da aka fitar da shi da rauni. Suka fara cin mu, minti biyu Osimhen ya farke da ka daga kuros ɗin Lookman, aka tashi ɗaya da ɗaya, mun zubar da damarmaki kamar ba gobe. Mutane suka fita suna zagin Peseiro, ni ma har da ni, don dama ranmu a ɓace yake tun kunnen dokin da muka yi da Lesotho da Zimbabwe a watan Nuwamba. Koci bai ce komai ba, ya ja da'ira a tsakiyar allo ya ce in aka shiga wasan masu masaukin baƙi da wannan filin a buɗe haka, 'yan tsakiyarsu Kessie da Seko Fofana za su yi noma a ciki.

Sai ga shi ranar 18 ga wata an fitar da sunaye, ga Calvin Bassey a ciki tare da Ajayi da Ekong. Gardama ta kaure a gidan, wasu na cewa Bassey lamba uku zai buga a tura Zaidu gaba, wani ma cewa ya yi Bassey ne zai tsaya lamba shida. Koci ya zana mutum uku a baya, Aina da Zaidu a gefe sun ɗan haura, Onyeka da Iwobi su biyu kacal a tsakiya, uku a gaba. Ya ce wannan uku-huɗu-uku ne a takarda, amma in ƙwallo ta kuɓuce mana za ku ƙirga mutum biyar a layin baya, huɗu a gabansu, Osimhen shi kaɗai a sama kamar maraya. Haka kuwa aka yi, na zauna ina ƙirgawa a TV, biyar, huɗu, ɗaya. Kwaddibuwa suka yi ta yawo da ƙwallo ba ƙofa, aka taɗe Osimhen a cikin yadi na sha takwas, VAR, wato na'urar sake duba wasa, ta duba aka ba da fenariti, Ekong ya buga ta shiga, ɗaya da nema. Daga ranar har wasan kusa da na ƙarshe ba a sake zura mana ƙwallo ba, wasa huɗu a jere, Kwaddibuwa, Gini Bisau, Kamaru, Angola.

Wani abu da zan yaba wa gidan a nan, wasannin ƙarfe shida suna cin karo da magariba, kuma da yawa daga wasanninmu shida ɗin aka buga su. Mai gidan ya tanadi butoci da jarkar ruwa da tabarma biyu manya a gefen rumfar, da an tafi hutun rabin lokaci a tada sallah, a idar kafin a dawo, kuma ba wanda zai zauna maka a kujera, yaron da ke karɓar kuɗi yana lura. Na taɓa kallo a wani gidan da in ka tashi ko fitsari ne to kujerarka ta zama ta wani, sai dai ku yi faɗa.

Maganar gola ita ce gardamar da ta fi daɗewa a kan allon nan. Stanley Nwabali, ana gobe gasar da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, wai a lokacin Chippa United yake a Afirka ta Kudu. Akwai wani ɗan gidan mai goyon bayan Uzoho, golan da ke tsare mana raga kafin nan, kullum cewa yake ba a shiga babbar gasa da baƙon gola. Aka tuna masa ƙwallon Thomas Partey na Ghana a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, wadda ta bi ta ƙarƙashin Uzoho ta hana mu zuwa kofin duniya a Qatar, aka tuna masa ta wasan sada zumunci da Saudiyya a Oktoban 2023, wani kuma daga benci ya ɗaga murya ya ce har da ta Maduka Okoye a Garwa ta Kamaru da Msakni na Tunisiya ya buga daga nesa, wato dai mun gaji da gololin da ke sa mu addu'a duk lokacin da aka ɗaga ƙafa. Ni a ganina wannan ne zaɓe mafi kyau da Peseiro ya yi a shekara biyun da ya yi da mu, ya fi ma canjin famashin ɗin, don mutum biyar a baya ba su da amfani in na bayansu hannunsa na rawa. Nwabali yana fitowa ya kama kuros, yana yi wa 'yan bayansa tsawa, yana da wannan taurin kan da gola ke buƙata. Ranar Kamaru da aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya Uzoho ya shigo, gidan ya yi tsit, har shi mai goyon bayan Uzohon na ga yana jan carbi.

Wasan Kamaru ɗin nan shi ne na fi jin daɗinsa a gidan, ƙarfe tara na dare, sanyi, mai shayin ƙofar gida ya yi ciniki har madararsa ta ƙare. Kuma a nan ne na fahimci aikin Osimhen. A duk gasar ƙwallo ɗaya ya ci, gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023 guda, masu kallon sakamako a waya za su ce bai yi komai ba. Amma dubi ƙwallon farko, shi ya bi ɗan bayan Kamaru Oumar Gonzalez ya ƙwace ta da ƙarfin tsiya ya miƙa wa Lookman. Koci ya ce a wannan tsarin Osimhen shi ne ɗan baya na farko, shi ke hana su fitowa da ƙwallo cikin natsuwa, sai su doka ta sama, a sama kuwa Ekong da Ajayi na jira. Ta biyu kuma Bassey ne, ɗan baya, ya haura ta hagu ya kawo kuros Lookman ya ƙarasa, abin da ba zai yi ba in su biyu ne a tsakiyar baya, amma da yake akwai mutum biyu da suka rage masa sai ya tafi hankali kwance. Kocin Kamaru Rigobert Song ya ajiye Onana, golan Manchester United a lokacin, a benci ranar, 'yan Manchester na gidan suka sha tsiya.

To yanzu bari in zo kan abin da bai yi min ba.

Na farko hayaƙi. An rubuta a bango ba a shan taba, amma 'yan layin ƙarshe suna sha, rumfar kuma a rufe take da tamfol, kana fita kayanka na wari kamar ka kwana a tasha. Na yi wa mai gidan magana ya ce zai duba, har aka gama gasar yana dubawa. Na biyu bencin, katako ne siriri ba majingina, wasan da ya kai ƙarin lokaci da fenariti sai ka tashi da ciwon baya, in kana da hali ka ƙara ɗarin nan ka zauna a kujera. Banɗaki kuwa kada ma a yi maganarsa, ka gama uzurinka daga gida. Sannan akwai yaran nan masu caca a waya, su ba ruwansu da wanda ya ci, bugun kwana suke ƙirgawa da katin gargaɗi, ana tsakiyar hari sai kaji wani ya yi ihu don an samu kwana ta bakwai, har ka zabura ka ɗauka wani abu ne.

Na uku kuma shi ne ya fi ci min rai, TV ɗin gefen dama da babban ba dikoda ɗaya suke kai ba, na gefen yana riga babban da daƙiƙa kamar huɗu ko biyar. Ranar Angola, Moses Simon ya tsallake mutum a gefen hagu yana tafe da ƙwallo, mu a tsakiya muna miƙewa a hankali, sai 'yan dama suka fashe da ihu, kafin Lookman ya buga a namu TV ɗin mun riga mun san ta shiga. Wallahi kamar a ba ka labarin ƙarshen fim ne. Daga baya da aka yi ta ƙorafi ya mayar da su duka kan dikoda ɗaya, amma sai da aka ci mana daɗin ƙwallo biyu.

Sai kuma injin. Ranar 7 ga Fabrairu, Afirka ta Kudu, a Bouake. Tun kafin a fara Koci ya gargaɗe mu, ya ce waɗannan ba irin sauran ba ne, kocinsu Hugo Broos ya kwaso yawancinsu daga kulob ɗaya, Mamelodi Sundowns, kullum tare suke atisaye, sun san juna kamar 'yan gida ɗaya, su ne suka kori Maroko da ci biyu, golansu Ronwen Williams ya kaɗe fenariti huɗu a wasan Kef Bad. Ya ce ƙungiyar ƙasa matsalarta kenan, koci yana samun yaransa kwana goma ne kafin gasa, shi ya sa mafi yawansu ke zaɓar tsari mai sauƙi, a kulle baya a jira kanta, wato harin ramuwa cikin sauri, wanda kuwa ya samu 'yan kulob ɗaya ya samu abin da kuɗi ba ya saye. Haka muka gani, rabin farko su ke da wasa, fasin gajere-gajere suna ratsa Onyeka da Iwobi. Ekong ya ci fenariti a minti na 67 muka ɗan samu numfashi. Can wajen minti na 85 aka yi kanta, Osimhen ya tura ta raga, biyu da nema, gidan ya kife, wani ya ɗaga ni sama ban san shi ba, benci ɗaya ya karye. Muna cikin murna aka ga alƙalin wasa ya nufi TV ɗin VAR. Daidai nan, wallahi daidai nan, injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Duhu, mutum sama da ɗari, kowa ya kunna fitilar waya, yaron gidan ya ruga da jarka, ashe mai ne ya ƙare ba a duba ba tun hutun rabin lokaci. Wani mai ƙaramar rediyo a aljihu shi ya zama sarki, aka kewaye shi, shi ne ya ce mana an soke ƙwallon, kuma wai an ba Afirka ta Kudu fenariti. Aka ce ƙarya yake, har wani ya nemi ya ƙwace rediyon. Kafin inji ya tashi dikoda ta gama lodi, Mokoena ya riga ya buga, abin da muka tarar a TV ɗaya da ɗaya ne. Sai a maimaici muka ga abin da ya faru, Alhassan ɗinmu ne da ya shigo canji ya taɗe Percy Tau a cikin yadi na sha takwas tun kafin a fara kantar. Ba wanda ya iya zaginsa a gidan, sai salati kawai. Minti biyar ɗin nan da muka yi a duhu ban yafe wa mai gidan ba har yau, wanda ke karɓar kuɗin mutane a wasan kusa da na ƙarshe ya kamata ya cika tanki ya ajiye jarka a kusa, ko ya haɗa ɗan inbata da batir ko da TV ɗaya ne da dikoda. Washegari muka ji labarin mutanen da suka yanke jiki suka rasu suna kallon wasan nan a wasu garuruwa, Allah Ya jiƙan musulmin ciki, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Fenariti dai mun gan shi lafiya, Nwabali ya kaɗe ta Mokoena da ta Makgopa, Aina ya ɗaga tasa sama, Iheanacho ya buga ta ƙarshe, huɗu da biyu. Mai gidan don kunya ya raba fiya wata kyauta.

Ranar wasan ƙarshe, 11 ga Fabrairu, tun ƙarfe bakwai ba masaka tsinke. Ya ƙaro benci daga makarantar allon da ke kusa, ya fitar da TV ɗaya waje saboda waɗanda ba su samu shiga ba, kuma na ga jarka biyu cike a gefen inji, an ji jiki. Koci ya zana mu kamar kullum, sai dai Chukwueze ne a madadin Moses Simon, abin da rabin gidan bai yarda da shi ba, ni ma ban yarda ba, Simon yana dawowa ya taimaki na bayansa fiye da Chukwueze. Sannan ya zana Kwaddibuwa ya ce ku manta da waɗanda muka ci ranar 18, waɗancan na koci Gasset ne, an kore shi bayan Ikwatoriyal Gini ta yi musu huɗu ba ko ɗaya, waɗannan na sabon koci Emerse Fae ne. Fae ya dawo da Jean Michael Seri ya zauna a gaban 'yan baya yana raba ƙwallo, Kessie da Fofana suka samu 'yancin haurawa, ga Haller ya warke, ga Simon Adingra ya warke. Ya ja layi daga Adingra zuwa Ola Aina ya ce wasan a nan yake. Ya kuma nuna tsakiya, uku a kan biyu.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Ekong ya ci da ka a minti na 38 daga kwana, ba don mun fi su ba, kusan ita ce kawai damar kirki da muka samu. A hutun rabin lokaci gidan na ta murna, Koci na tsaye da alli yana cewa in ba a ƙara mutum a tsakiya ba ba za mu kai ba, wani ya ce masa Baba ka cika baƙin baki. Aka dawo, muka koma baya gaba ɗaya, duk ƙwallon da muka ƙwato sai a doka wa Osimhen sama shi kaɗai tsakanin mutum biyu ta dawo, Aina wanda ya fi kowa kyau a gasar ƙafafunsa sun mutu bayan minti 120 na Bouake, Adingra ya mayar da shi abin tausayi. Kessie ya farke a minti na 62 daga kwanar Adingra, Haller ya sa ƙafa a minti na 81 daga kuros ɗin Adingra, shi Haller ɗin da aka gano yana da cutar kansa a 2022. Biyu da ɗaya.

Ra'ayina, kuma a gaban allon nan na same shi, tsarin da ya kai mu wasan ƙarshe shi ne ya kashe mu a cikinsa, ba don tsarin ba shi da kyau ba, don ba mu da na biyu. Ƙwallo takwas muka ci a wasa bakwai, uku daga ciki ɗan baya ne ya ci, biyu a fenariti, ɗaya kuma ɗan Gini Bisau ne ya ci gidansu. Masu cewa ai Maroko ma haka ta yi a Qatar, eh kocinsu Regragui ya kulle baya, Sifaniya ta yi fasin sama da dubu ba ta ci ba, amma Maroko in ta ƙwaci ƙwallo tana da Amrabat da Ounahi da za su riƙe ta su fita da ita a ƙasa, Ziyech da Hakimi su haɗa a gefen dama. Mu kuwa mutum biyu muka bari a tsakiya wata guda suna gudu, kuma benci ba wani ɗan tsakiya da kocin ya yarda da shi sosai tun da Ndidi ba ya nan. Shi ya sa zagin da aka yi wa Iwobi har ya goge hotunansa a Instagram ya ba ni haushi, an sa mai ƙirƙira aikin ɗan dako sannan ana tambayarsa ina fasin ɗin da yake bayarwa a Fulham. Ahmed Musa da bai buga ko minti ɗaya ba a gasar shi ne ya fito ya ce a bari, kuma wannan ma wata gardamar ce da aka kwana ana yi a gidan, 'yan Pillars na cewa ko minti goma ai a ba kyaftin, Koci na cewa gasa ba wajen sallama ba ce.

To wa zan ce ya je gidan nan? In kai mai son ka zauna shiru ne ka kalli wasa da shayinka, zauna a gida, nan hayaniya ce da hayaƙi da ƙurar tamfol. Yara ƙanana ma ban ba da shawarar a kai su wasan dare ba saboda bakin wasu. Amma in kana so ka fita ka san dalilin da ya sa aka ci ko aka sha kashi, ba kawai wane ya yi kyau wane bai yi ba, ɗari ukun nan ba asara ba ce, hoto garau, sauti yana fita har baya, ba a taɓa ɗauke wa kowa waya ba a iya zamana, kuma ana fara nuna tashar tun lokacin sharhi ba sai an busa ba. A cikin goma na ba shi bakwai, ɗaya na cire na hayaƙi da banɗaki, biyu na injin Bouake.

Peseiro dai kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen Fabrairun 2024 ya yi sallama, a watan Yunin shekarar kuma muka sake haɗuwa da Afirka ta Kudun nan a wasan neman gurbin kofin duniya. Shekaranjiya na bi ta ƙofar gidan na tarar ana ɗora faifan sola biyu a kan kwanon, mai gidan ya hango ni ya ce Malam ka gani ko, na ce na gani, saura 'yan layin baya masu taba. Ya ce zai duba.